FILIN MALAM: Gasar Share Fage, Don Wa Ake Yin Ta?



Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan wata, wata gardama ce da ta tashi a ofishin malamai na makarantar da muke koyarwa, wadda har yanzu ƙurarta ba ta gama kwantawa ba. Malamin wasanni ne ya kawo shawarar cewa kafin a buɗe gasar ƙwallo ta makarantu, a gayyato makarantu uku na kusa da mu a yi 'yar gala ta yini guda ranar Asabar, don yara su warware ƙafa. Hedimasta ya ce sam. Hujjarsa ita ce wasan da ba ya cikin lissafi ɓata lokaci ne da ɓata jesi, kuma idan yaro ya karye a wasan da ba a ba da maki a kansa, me za a je a gaya wa uwarsa? Malamin lissafi kuwa ya goyi bayan galar, amma da sharaɗin a sayi kofi babba, a kira makaɗa, domin a cewarsa yaro ba ya gudu sai ya hango abin da yake bi. Mu dai muka yi shiru muna saurare, saboda mun ga kowane ɗaya daga cikin su ukun ya riƙe wani gefe na gaskiya, ya saki sauran.

Da muka koma gida sai muka tuna da wata ƙasa da ta daɗe tana irin wannan gardama, har ta kai su ga kafa kwamitoci da sauya dokoki a kanta. Ƙasar ita ce Ailan, tsibirin nan da ke yamma da Ingila. Wani tsohon ɗalibinmu da ke aiki a can ne ya fara turo mana hoton wasansu ta waya, tun daga nan kuma muka kamu da bin labarinsa.

Wasan ana kiransa ƙwallon Gelik. Wanda ya fara ganinsa zai ɗauka 'yan ƙwallon ƙafa ne suka yi wa alƙalin wasa tawaye, kowa ya sa hannu. Mutum 15 ne a kowane gefe, filin kuma ya fi namu girma, tsawonsa mita 130 zuwa 145, faɗinsa 80 zuwa 90. Ana riƙe ƙwallo a hannu a yi taku huɗu, daga nan dole a buga ta da ƙasa ta dawo, ko a sake ta bisa ƙafa a tokaro ta zuwa hannu, kuma ba a buga ta da ƙasa sau biyu a jere. Ba a jefa wa abokin wasa ita, sai dai a naushe ta ko a doka da ƙafa. Gidan gola da raga yake kamar namu, amma sandunan gefe sun zarce sama. Wanda ya zura a raga ya ci maki 3, wanda ya haura da ita saman sandar tsakiya ya ci maki 1. Daga shekarar 2025 an ƙara cewa wanda ya haura da ita da ƙafa daga wajen wani zagaye mai nisan mita 40, maki 2 gare shi.

Ƙungiyar da ke kula da wasan, wadda aka fi sani da GAA, an kafa ta ne ranar 1 ga Nuwamba 1884 a garin Thurles, kuma wanda ya fi kowa ɗawainiyar kafa ta, Michael Cusack, ɗan'uwanmu ne a sana'a, wato malamin makaranta. Abubuwa biyu game da wannan ƙungiya sai mai karatu ya riƙe su, in ba haka ba sauran bayanin ba zai shiga ba. Na farko, ba a biyan ɗan wasa albashi. Wanda za ka gani yana wasa a filin Croke Park na birnin Dablin, gaban 'yan kallo 82,300, ranar Litinin yana aji yana koyarwa, ko yana gona, ko yana banki. Na biyu, a bisa al'ada yaro kulob ɗin garinsu ko unguwarsu yake yi wa wasa, daga nan kuma a zaɓi gwanaye su wakilci lardinsu, cikin larduna 32 na tsibirin. Babu ciniki, babu dillali, babu sayo ɗan wasa daga wani gari. Ke nan idan kulob ya yi sakaci yaro ɗan shekara 14 ya yi fushi ya daina zuwa fili, ba shi da inda zai je ya sayo madadinsa. A ƙauyukan yammacin ƙasar, inda matasa ke ƙaura zuwa birni, har takan kai kulob biyu ko uku su haɗa yaransu kafin su iya cika 15. A irin wannan wuri yaron benci ba abin yarwa ba ne.

To, ina maganar share fage? Su ma suna da ita, manya da yara. Ga manyan ƙungiyoyin larduna, watan Janairu ne lokacinta, kafin a fara babbar gasar ƙasa a ƙarshen watan. Kowace shiyya cikin shiyyoyi huɗu da tata: kofin O'Byrne a Leinster, kofin McGrath a Munster, kofin McKenna a Ulster, da gasar FBD a Connacht. Shekaru da dama har ƙungiyoyin ɗalibai ake sa wa a kofin McKenna, ciki har da ta kwalejin horon malamai ta St Mary's da ke Belfast, su kara da manyan larduna. Mu da muka fito daga kwalejin horon malamai, wannan ya yi mana daɗi ƙwarai. Ga matasa kuma an sha shirya irin tasu kafin babbar gasa: kofin Hastings da lardin Longford ya riƙa shiryawa 'yan ƙasa da shekara 21, daga baya kuma irin su kofin John Kerins da kofin Leo Murphy na 'yan ƙasa da shekara 20. Ƙasa da wannan akwai abin da ya fi kama da galarmu: kulob ya gayyato maƙwabta, a raba fili gida biyu ko uku, a yi gajerun wasanni daga safe zuwa azahar, iyaye mata suna dafa shayi.

Kada a ɗauka lokaci ne mai daɗi. Janairu a Ailan rana kan faɗi wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma, ga ruwan sama mai sanyi, ga iska, fili ya zama caɓi. Hunturunmu wasan yara ne a kansa. Duk da haka suna fita. Abin tambaya shi ne me suke samu.

Amsar da kowa zai fara bayarwa ita ce jiki yana warwarewa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Gaskiya ne, amma wannan ko atisaye zai iya yi, ba sai an gayyato kowa ba. Abin da muka gano, kuma shi ne muke so malaman wasanni su duba da kyau, shi ne gasar share fage ita kaɗai ce wurin da shan kaye ba shi da tsada. A babbar gasa, koci yana da 15 ɗinsa da ya amince da su, ga 'yan canji da doka ta ƙayyade, biyar a wasan manya. Idan wasa ya yi zafi, saura minti goma, ana bin sa maki ɗaya, ba zai juya ya dubi yaron nan siriri da ke ƙarshen benci ba. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Gari na kallonsa. Amma a wasan da ko an ci ko an sha kaye babu abin da zai ragu, masu shiryawa kan sassauta dokar canji, koci ya sa kowa, ya ɗauki mai tsaron baya ya gwada shi a gaba, ya ba ƙaramin gola rabin lokaci. A nan ne kawai zai ga abin da atisaye ba ya nunawa: wa ke tsayawa idan baƙo ya bangaje shi, wa ke ɗaga kai ya nemi abokinsa kafin ya buga, wa ke ɓuya a bayan mutane. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Akwai kuma wani abu da mu malaman aji muka sani sarai amma muke mantawa da zarar mun fita fili. A Ailan ranar 1 ga Janairu ce iyakar shekaru a gasar yara. Yaron da aka haifa a Janairu da wanda aka haifa a Disamba na shekara guda, rukuni ɗaya suke, alhali kuwa kusan shekara ce cur a tsakaninsu. Ga mutum ɗan shekara 40 wannan ba komai ba ne. Ga ɗan shekara 13 kuwa, ɗaya muryarsa ta buɗe, kafaɗa ta faɗaɗa, ɗayan har yanzu yaro ne ƙarami. Koci ya duba ya ce na farko ya fi iya wasa, nan kuwa ya fi girma ne kawai. Sai a zaɓe shi, ya samu ƙarin horo, ya samu ƙarin wasanni, bayan shekara biyu ya zama da gaske ya fi iyawa, koci kuma ya ce ai dama ya faɗa. Ƙaramin yana gida. Masu binciken wasanni sun ga wannan a ƙwallon ƙafa da sauran wasanni a ƙasashe da yawa, 'yan farkon shekara sun cika ƙungiyoyin zaɓaɓɓu. Su ke nan da ke da takardar haihuwa ta gaskiya, tazarar watanni ce ke damunsu. Mu nan da akan kawo mai aske gemu a ce ɗan aji shida ne, sai mu yi shiru kawai.

Bari mu kawo mutum biyu don a ga bambanci. David Clifford na lardin Kerry, a wasan ƙarshe na gasar matasa ta ƙasa a 2017, shi kaɗai ya zura huɗu a raga ya haura da huɗu sama, maki 16 ke nan, a kan lardin Derry. Shekara mai zuwa yana cikin manya, aka kuma zaɓe shi gwarzon matashin ɗan wasa na shekara. Irin wannan yaro ba ya bukatar gasar share fage don a gan shi. Ko makaho ya ji ihun 'yan kallo ya san akwai shi. Sai kuma Brian Fenton na Dablin. Shi bai samu shiga ƙungiyar matasa ta lardinsa ba a shekarun da sa'o'insa suka shiga. Ya ci gaba da wasa a kulob ɗin unguwarsu, Raheny, har jikinsa ya cika. Daga baya ya ɗauki kofin ƙasa sau 7 tare da Dablin, shida daga ciki a jere daga 2015 zuwa 2020, kuma sau biyu ana zaɓensa gwarzon ɗan wasa na ƙasa baki ɗaya, a 2018 da 2020. Ba mu ce gasar share fage ce ta yi Fenton ba. Abin da muke cewa shi ne ƙofa ba ta rufe masa ba lokacin da idon masu zaɓe ya tsallake shi, kuma kowace unguwa tana da irinsa, sai dai yawancinsu sukan gaji da benci kafin jikin ya cika.

A nan sai mun faɗi wani abu a kan kanmu, ko da yake ba daɗin faɗa gare shi ba. Shekarun baya, lokacin da muke riƙe da wasanni a wata makaranta, an gayyace mu irin wannan gala. Wasa huɗu muka yi a yinin. Akwai wani yaro da bai taɓa fashin atisaye ba, shi ke ɗauko ƙwallo daga ofis, shi ke mayarwa. Ranar ya aro takalmi wurin yayansa, ya yi masa yawa, ya cusa takarda a ciki. Wasa na farko muka ce masa sai na biyu. Na biyu ya yi zafi, muka ce sai na uku. Muka kai wasan ƙarshe, muka ci, aka ba mu kofin da bai fi tsawon kwalbar lemo ba. Yaron nan bai taka fili ba ko na minti ɗaya. Ya taya mu murna, ya ɗauki ragar ƙwallaye ya kai ofis kamar kullum. Ranar Litinin bai zo atisaye ba, bai kuma sake zuwa ba. Kofin ma ba mu san inda yake ba yanzu. Yaron kuwa ya zama magidanci, muna haɗuwa a kasuwa, ya durƙusa ya gaishe mu da ladabi, mu ne muke kawar da kai.

Saboda haka da malamin lissafi ya ce a sayi kofi babba, mun san abin da kofi ke yi. Ba yara yake sauyawa ba, manya yake sauyawa. Mutanen Ailan sun gane haka. Suna da wani tsari na ƙananan yara da suke kira Go Games, wanda ƙungiyar ta mayar da shi doka a 2010: 'yan wasa kaɗan a kowane gefe, bakwai-bakwai ko tara-tara ko goma sha ɗaya, fili ƙarami, kowane yaro sai ya yi wasa, babu wasan ƙarshe, babu kofi. Hikimar rage yawan 'yan wasa a fili take: yaro cikin mutum 14 zai taɓa ƙwallo fiye da yaro cikin mutum 30, kuma da taɓawa ake koyo. Amma da yake hali zanen dutse ne, sai kulob-kulob suka riƙa shirya gasar yini guda suna sa kofi ta bayan gida. A 2023 hedkwatar ƙungiyar ta sake jan kunne cewa babu gasar cin kofi ga 'yan ƙasa da shekara 12, wanda ya karya kuma za a hukunta shi. Aka yi ta ce-ce-ku-ce a rediyo da jaridu. Wasu tsofaffin 'yan wasa suka ce ana lalata yara, duniya ba ta raba wa kowa daidai, gara yaro ya koyi shan kaye tun yana ƙarami.

Wannan magana tasu ba ta banza ba ce, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ta ba. Yara suna ƙirga ci ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Je ka bayan masallaci da la'asar ka tambayi masu buga ƙwallon tsumma nawa da nawa, za su gaya maka har da wanda ya ci. Ba wanda ya isa ya cire wa yaro son cin nasara, ba kuma wanda ya nemi a cire. Dokar ba don yaro aka yi ta ba. An yi ta ne don mutumin da ke tsaye a bakin fili da usur a wuya, da uban da ke ihu a bayansa. Yaro ya sha kaye ya yi kuka, kafin a kai gida ya manta, yana tambayar abinci. Koci ne ba ya mantawa, shi ne kuma mako mai zuwa zai ajiye ƙananan a benci. Mu a ganinmu, ga manyan yara 'yan shekara 15 zuwa sama, a babbar gasa, a sa kofi a yi ta ƙarfi, wannan daidai ne. Amma gasar share fage da aka ɗora wa kofi da makaɗa ta tashi daga share fage, ta zama babbar gasa ta biyu, ta kuma rasa abu ɗayan da ya sa take da amfani.

Saura hujjar hedimasta, wadda ita ce ta fi nauyi. A Ailan matsalar ba ta yaron benci ba ce, ta gwanin ce. Ɗauki yaro ɗan shekara 17 ko 18 da Allah ya ba shi ƙafa. Kulob ɗinsu na son shi a rukunin sa'o'insa, da rukunin da ke sama, har da na manya. Makarantarsa na son shi. Lardi na son shi. Idan kuma ya iya ɗaya wasan nasu na gargajiya, irin ƙwallon gora da suke kira hurling, sai a ninka duk wannan sau biyu. Kowane koci yana ganin shi kaɗai ne ke da yaron, kowane kuma yana da tasa share fagen. Yaro ya tashi daga wannan fili ya faɗa wancan, cikin sanyi da caɓi, babu watan hutu ko ɗaya a shekara. Jijiyar cinya ta tsinke, ƙugu ya lalace, gwiwa ta tafi, wasu kuma ba inda ke musu ciwo sai zuciya, wasan ya fita ransu tun ba su kai 20 ba. Tun a 2007 wani kwamiti da ƙungiyar ta kafa ya ba da rahoto a kan wannan gajiya ta matasa. Daga 2018 aka rage shekarun gasar matasa ta larduna daga ƙasa da 18 zuwa ƙasa da 17, ta ƙasa da 21 kuma ta koma ƙasa da 20. Cikin dalilan har da wanda ya shafe mu kai tsaye: a raba yaro da babbar gasa a shekarar da yake shirin jarrabawar fita sakandare, wadda ake yi a watan Yuni. A shekarar 2018 ɗin kuma wata cibiyar bincike ta ƙasar ta fitar da rahoto cewa manyan 'yan wasan larduna kan ba wasan har awa 31 a mako, mutanen da ba a biyansu, kuma kowa da aikinsa.

Wannan ya sa ƙungiyar 'yan wasa ta matsa a soke kofunan Janairu na manya, aka kuwa dakatar da su a 2025. Sai abin ya zo a karkace, domin a shekarar ce aka shigo da sababbin dokoki, waɗanda kwamitin Jim Gavin, tsohon kocin Dablin, ya tsara, ciki har da na maki 2 da muka ambata, da wadda ta ce dole kowace ƙungiya ta bar mutum uku a gaba. 'Yan wasa da alƙalai suka shiga babbar gasa da dokokin da ba su saba da su ba, ba tare da fagen da aka saba gwaji a cikinsa ba, masu horarwa suka yi ta ƙorafi. A Janairun 2026 aka dawo da kofunan. Wannan ya tuna mana da wani mai cin moriyar share fage da ba a cika ambatonsa ba, wato alƙalin wasa. Shi ma sabon shiga yana bukatar wurin da zai yi kuskure ba a biyo shi gida ba.

To, ga yadda muka fahimci abin. Gasa ɗaya ce, amma ga yaron benci magani ce, ga gwani kuwa ƙarin kaya ce. Kuskuren da ake yi, a can da nan, shi ne a juya ta: a kwashi gwanayen da suka fi kowa bukatar hutu a zuba su a fili tun safe har yamma, a bar waɗanda aka yi abin dominsu suna gadin jakunkuna. Hedimasta yana tsoron karaya, to yaron da ya yi wasa huɗu a yini ɗaya da gajiyayyar ƙafa shi ya fi kusa da karaya, ba wanda ya yi rabin wasa biyu ba. Kuma yaron da aka tsoma cikin babbar gasa kai tsaye bayan dogon hutu, jiki bai saba ba, shi ma yana cikin haɗari. Hana galar ba ya kawar da rauni, ɗage shi kawai yake yi zuwa mako na gaba. Abin da ke rage shi sanannen abu ne: a gajarta wasa, a ɗumama jiki sosai kafin a fara, a duba fili a tsince duwatsu da kwalabe, a ajiye ruwa da akwatin magani. Mutanen Ailan tun 2013 suka wajabta wa yara sa robar kare haƙora, wanda bai sa ba ba ya shiga fili. Mu ba mu kai nan ba, amma abin kare ƙwauri bai fi ƙarfinmu ba.

Da wannan muka koma ofishin malamai ranar Laraba, muka ce muna goyon bayan gala bisa sharaɗi. Kowace makaranta ta kawo yara 18, kowane yaro ya yi aƙalla rabin lokacin da makarantarsa ta yi a fili, a ba wani malami daga wata makaranta takarda ya riƙa rubutawa. Yara uku da muka sani suna yi wa kulob ɗin unguwa wasa ranar Lahadi, kada ɗayansu ya wuce wasa ɗaya. Kowa ya kara da kowa, minti 15 a juya, babu wasan ƙarshe. Kuɗin kofi a sayi burodi da ruwa da shi. Malamin wasanni ya ɓata rai a kan maganar yara ukun, ya ce za a zo har gida a ci mu. Muka ce mai yiwuwa ne. Hedimasta ya ce zai yarda idan iyaye sun sa hannu a takarda, kuma idan mu da bakinmu za mu tsaya a bakin fili daga farko har ƙarshe, abin da muka amsa.

Malamin lissafi dai bai sauka ba. Ya ce in makaranta ba za ta sayi kofi ba, shi zai saya da kuɗin aljihunsa, kuma ya riga ya yi magana da mai kalangu. Ɗaya daga cikin makarantun da aka gayyata ma ta aiko tana tambaya ko za a duba takardun haihuwa, ba ta kuma faɗi amsar da take so ta ji ba. An sa zama na gaba ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Iyayen da 'ya'yansu ke cikin 18 ɗin nan, za a aiko muku da takarda ta hannun yaran, don Allah a duba jakunkunansu.